Manomin da Ya Shekara 46 Yana Ɗaukar Hoton Dusar Ƙanƙara

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya, da kuma masu son su karanta a nutse.

Kafin mu shiga magana, ɗan aiki zan ba ku. Ku shiga wajen emoji a wayarku, ku nemo alamar dusar ƙanƙara, ku ƙirga rassanta. Shida ne, ko? To ku riƙe wannan shidan, za mu dawo kansa.

Abin da ya jawo shirin yau, wani abokina ne da ke karatun likita a Rasha ya turo min hoto a WhatsApp. Hannun baƙar rigar sanyinsa ne, a kai ga wani ɗan farin abu kamar tauraro mai rassa, kai ka ce mai ɗinkin hula ne ya zauna ya tsara shi da allura. Na ce masa, "Haba mutumina, wannan ai haɗin kwamfuta ne." Ya rantse cewa yanzun nan ya faɗo masa daga sama, kafin ma ya ɗauki hoto na biyu ya narke.

Ni dai ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Kamar yawancinku, a fina-finan Indiya na san ta, jarumi da jaruma suna rawa a kan farin dutse. A tunanina wani farin gari ne kawai yake zubowa. Ashe kowace ƙwaya da ke cikin wannan garin tana da nata zane. Daga nan na shiga karance-karance, kuma abin da na samo shi ne zan ba ku yau: wane ne ya fara shahara da ɗaukar hoton nan, me ya sa rassan suke shida, kuma shin hotunan da muke gani gaskiya suke faɗa mana?

Yaron ƙauye da madubi

Sunansa Wilson Bentley. An haife shi a 1865 a wani ƙauye da ake kira Jericho, a jihar Vermont ta Amurka, can arewa maso gabas kusa da Kanada, inda dusar ƙanƙara take zuba sosai. Gidansu gidan manoma ne. Mahaifiyarsa ta taɓa yin koyarwa, ita ce ta karantar da shi a gida. Yana ɗan shekara 15 ta ba shi madubin ƙara girman abu, irin wanda ake duba jini da shi a ɗakin gwaji na asibiti.

Yaro ya riƙa saka komai a ƙarƙashin madubin nan, har ranar da ya saka ƙwayar dusar ƙanƙara. Abin da ya gani ya hana shi sukuni. Ya fara ƙoƙarin zana su da hannu, ya yi zane ɗaruruwa, amma matsalar ɗaya ce kullum: kafin ya gama zanen, ƙwayar ta narke ko ta bi iska. Sai ya matsa wa iyayensa su saya masa kyamara. Mahaifinsa bai ga amfanin abin ba, a wajensa ɓata lokaci ne da kuɗi. Kun san irin kallon da ake yi wa yaron da ya bar aikin gona yana wasa da abin da ba ya kawo ko sisi. A ƙarshe dai aka saya.

Ya haɗa kyamarar da madubin, ya yi ta gwadawa yana faɗuwa, babu malamin da zai tambaya. Sai ranar 15 ga Janairu, 1885, yana ɗan shekara 19, hoton ya fito. Daga wannan rana har mutuwarsa a 1931, duk hunturu yana kan aikin nan. Shekara 46 ke nan, hotuna sama da 5,000.

Bari ku ji yadda yake yi, don a nan ne za ku gane irin haƙurin mutumin. Idan dusar ta fara zuba, sai ya fita da baƙin allo ya tare ta. Ya shiga wata rumfa da ba a hura wuta a ciki, don ɗumi kaɗan ya isa ya lalata komai. Ya duba ya zaɓi ƙwayar da yake so, ya ɗauke ta da ɗan siririn tsinke irin na tsintsiya, ya ɗora a kan gilashi, ya lallaɓa ta da gashin tsuntsu har ta kwanta daidai. Duk wannan yana kawar da numfashinsa gefe, saboda hucin baki ɗaya ya isa ya narkar da ita. Sannan kyamarar wancan zamani ba irin tamu ba ce ta danna ka wuce. Sai an bar idonta a buɗe tana shan haske, wani lokaci fiye da minti guda. Kuma abin da ake wa wannan hidima bai fi ƙwayar gero girma ba.

Shekaru da yawa mutanen garinsu suna masa kallon wani baƙon mutum. Sai a 1898 wani malamin Jami'ar Vermont, George Perkins, ya taimaka masa aka buga maƙalarsa ta farko. Daga baya mujallu irin su National Geographic suka buga aikinsa, cibiyar Smithsonian ta karɓi hotunansa 500. A ƙarshen 1931 littafinsa mai suna Snow Crystals ya fito, wanda suka yi tare da William Humphreys na hukumar kula da yanayi ta Amurka, ɗauke da hotuna sama da 2,000. Bayan 'yan makonni ciwon nimoniya ya kama shi, ya rasu ranar 23 ga Disamba, 1931, yana da shekara 66. Bai yi kuɗi da aikin ba. Manomi ya fara, manomi ya ƙare.

To me ya sa shida?

Wannan tambayar ta girmi Bentley nesa ba kusa ba. Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani malami a ƙasar Sin mai suna Han Ying ya lura cewa furannin tsirrai yawanci biyar-biyar suke, na dusar ƙanƙara kuwa shida. A 1611, Johannes Kepler, masanin taurarin nan na Jamus, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a kan tambayar, ya ba wani abokinsa a matsayin kyautar sabuwar shekara. Ya kwatanta da saƙar zuma, ya kwatanta da yadda 'ya'yan rumman suke jeruwa, amma a ƙarshe ya yarda bai samo cikakkiyar amsa ba. A lokacin babu wanda ya san yadda ruwa yake a can ciki.

Yanzu an sani. Ruwa an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ko madubin asibiti ba ya ganinsu, ana kiransu molekul. Kowane ɗaya oksijin guda ne da haidirojin biyu, a lanƙwashe kamar kusurwa. Idan ruwa ya daskare, waɗannan ƙwayoyin sai su kama juna su jeru zobe-zobe, kowane zobe mai kusurwa shida, kamar dai saƙar zuma ɗin da Kepler ya zarga. Kwatancen da ya fi min sauƙi shi ne na mai sayar da lemo: idan ya jera lemo a tire ya matse su, za ka ga kowane ɗaya shida ne ke kewaye da shi. Ba daidai da daidai ba ne da abin da ke faruwa a ruwa, amma zai nuna muku yadda siffar ƙaramin abu take tilasta wa babba tsari. Ƙwayar dusa guda ɗaya tana ɗauke da molekul kimanin biliyan sau biliyan, duk a kan wannan tsari na shida.

Shi ya sa idan kuka ga zanen dusar ƙanƙara mai rassa biyar ko takwas a jikin riga ko talla, mai zanen ne ya yi kuskure. Akan samu mai rassa 12, amma wannan biyu ne suka manne da juna.

A nan akwai wani abu da ni ma da na ruɗe a kai. Dusar ƙanƙara daban, ƙanƙarar da ke faɗowa da damina daban, irin wadda mutanen Jos suka sani, mai fasa gilashin mota da lalata amfanin gona. Ita wannan ɗigon ruwa ne yake daskarewa a cikin hadari, wani ruwan ya ƙara daskarewa a kansa, hawa-hawa kamar albasa. Ita kuwa dusa daga tururin ruwan da ke cikin iska take girma kai tsaye, tururi ya koma ƙanƙara ba tare da ya zama ruwa ba. Kaɗan-kaɗan ake gina ta, shi ya sa take samun damar yin zane.

Yadda rassa suke fitowa

Da farko ɗan faifai ne mai kusurwa shida. Kusurwoyin nan sun fi sauran jikinsa tsinin fita, don haka su ne suke fara cin karo da tururi. Wanda ya fi fita ya fi samu, wanda ya fi samu ya ƙara fita. A haka kusurwa take zama reshe, reshe ya fitar da ƙananan rassa.

Wanda ya warware sauran sirrin shi ne Ukichiro Nakaya, masanin kimiyya a Jami'ar Hokkaido ta Japan. A 1936 ya zama mutum na farko da ya shuka ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji. Kun san a kan me ya shuka ta? A kan silin gashin zomo. Ya gano cewa abu biyu ne suke yanke siffarta: tsananin sanyi da yawan danshin iska. A wajen digiri 2 ƙasa da sifili, faifai ake samu. A wajen digiri 5 ƙasa da sifili, sai ta koma kamar allura ko ɗan ginshiƙi. A wajen digiri 15 ƙasa da sifili, idan danshi ya wadata, nan ne ake samun manyan taurari masu rassa irin na emoji. Idan iska ta bushe, siffar takan zama mai sauƙi, babu ado sosai.

To ku haɗa wannan da tafiyar da ƙwayar take yi. Tana iya shafe rabin awa ko fiye tana girma a cikin girgije, iska na wurga ta nan da can, ta ratsa inda ya fi sanyi, ta shiga inda ya fi danshi. Duk inda ta shiga, salon girmanta ya canza. Rassan shida kuwa tare suke tafiyar, abin da ya samu ɗaya shi ya samu sauran a lokaci guda, shi ya sa suke kama da juna. Amma wata ƙwayar da ke gefe ta bi wata hanyar daban, don haka zanenta ya bambanta. Wanda ya iya karatun, idan ya kalli hoton, zai iya faɗa maka irin yanayin da ta ratso a sama.

Daga nan ne maganar nan ta fito, wadda Bentley ya yaɗa, cewa babu ƙwaya biyu masu kama ɗaya. Gaskiya ce? Ga manyan masu rassa, kusan haka ne, hanyoyin da za su iya bambanta sun wuce lissafi. Amma ƙanana marasa ado sukan yi kama. A 1988 wata mai bincike a Amurka, Nancy Knight, ta samu guda biyu da ido bai iya bambanta su ba, a samfurin da jirgin sama ya ɗebo daga girgije. Shi kuma Kenneth Libbrecht na jami'ar Caltech yana shuka su biyu gefe da gefe a ɗakin gwaji a yanayi ɗaya, su fito kamar tagwaye.

Shin hoton gaskiya yake faɗa?

Nan ne wajen da ya fi ja min hankali, domin ya shafe mu, mu 'yan zamanin filta.

Hotunan Bentley farar ƙwaya ce tsaf a kan baƙin fili. Amma ba haka suke fitowa daga kyamara ba. Shi ne yake zama da wuƙa mai kaifi yana kankare kewayen ƙwayar a jikin kwafin farantin hoton, don bayanta ya yi baƙi ta fito sosai. Sannan ba kowace ƙwaya yake ɗauka ba, mafi kyau yake zaɓa.

A Jamus, wani masanin yanayi mai suna Gustav Hellmann ya sa wani gwanin hoto, Richard Neuhauss, ya ɗauko masa nasu hotunan, suka fitar da littafi a 1893. Nasu ba su yi kyan na Bentley ba: wata reshe ya karye, wata gefe ɗaya ya fi tsawo, wata ta dunƙule. Da suka ga na Bentley sai suka zarge shi da gyara halitta. Bentley ya kare kansa, yana ganin cire abin da ya ɓata hoto ba ƙarya ba ne, ƙoƙari ne na nuna ƙwayar yadda take kafin hannu ya taɓa ta.

Wa ya fi gaskiya? A ganina kowa da inda ya kama. Masana na yau sun tabbatar da cewa mafi yawan ƙwayoyin da ke faɗowa ba su da wannan cikar tsarin, masu kyan nan 'yan kaɗan ne a cikin dubbai. Ke nan abin da Bentley ya nuna akwai shi, amma ba shi ne yawanci ba. Kuma duniya ta ɗauki zaɓinsa ta mayar da shi ma'auni, har ya zama idan an ce dusar ƙanƙara, wannan tauraron ne yake zo mana a rai. Duk lokacin da kuke gangarawa a Instagram kuna ganin rayuwar mutane tsaf-tsaf, ku tuna da baƙin allon Bentley. Dubbai ne suka faɗo a kai, ɗaya ya ɗauka.

Sai da kuɗi?

A yau akwai masu kayan aiki na miliyoyi a wannan fanni. Amma cikin hotunan da suka fi yawo a intanet akwai na wani ɗan Rasha, Alexey Kljatov, wanda a barandar gidansa a Mosko yake aiki. Ƙaramar kyamarar Canon ce ya samu, ya ɗauko tsohon gilashin kyamara ƙirar Helios na zamanin Tarayyar Sobiyat, ya juya shi baya ya koma gaba, ya ɗaure su a kan katako da salatif. Gilashin kyamara idan aka juya shi, sai ya koma madubin ƙara girma. Yana shimfiɗa baƙin ƙyallen ulu, ƙwaya ta sauka a kan silin zaren, ya ɗauki hoto da yawa na ƙwaya ɗaya, sannan ya haɗa su a kwamfuta don hoton ya fito tas.

Ga masu sauraronmu da ke karatu ko aiki a ƙasashen sanyi, dabarar ba ta da wuya. Ku fitar da baƙin ƙyalle waje ya yi sanyi tukuna, in ba haka ba ƙwayar na sauka za ta narke. Ku nemi ranar da sanyi ya yi ƙarfi kuma babu iska sosai. Ku maƙala wa wayarku ɗan gilashin ƙara girma, ku haska daga gefe, ku kawar da numfashi, ku ɗauka da yawa. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi.

Mu da ba ma ganin ta fa?

Za ku ce to mu ina ruwanmu, muna Kano ko Maradi? Akwai ruwanmu fiye da yadda muke zato.

Na ɗaya, ƙura. Ɗigon ruwa mai tsabta a cikin girgije yana iya kai wa kusan digiri 40 ƙasa da sifili bai daskare ba. Yana buƙatar wani ɗan abu da zai fara daskarewa a kansa, kuma ƙurar hamada tana cikin abubuwan da suka fi yin wannan aiki. Hazon da ke rufe mu da hunturu, wanda kaso mai yawa daga cikinsa yake tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, irin wannan ƙurar ce. Ƙurar Sahara takan tsallake teku har Turai. A Fabrairun 2021 sai da ta mayar da dusar da ke kan tsaunukan Alps ruwan goro.

Na biyu, hadarin damina. Manyan gizagizan nan masu tsawa suna da tsawo ƙwarai, samansu sanyi ne mai tsanani. Ruwa mai yawa da ke sauka a kan rufinmu a matsayin ƙanƙara ya fara a can sama, ya narke a hanya. Kuma idan kun taɓa ganin wata ko rana da babban zobe kewaye, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara masu kusurwa shida ne a siririn girgije suke karkatar da haske. A cikin Saharar ma, garin Ain Sefra na Aljeriya ya ga dusa a kan jan yashi a 1979, da 2016, da 2018.

Na uku, Bentley da kansa bai tsaya a dusa ba. Idan hunturu ya wuce yana ɗaukar hoton raɓa, kuma ya auna girman ɗigon ruwan sama da wata dabara da kowannenmu zai iya yi. Fulawa yake zubawa a faranti, ya miƙa cikin ruwan sama na 'yan daƙiƙu, ya janye. Kowane ɗigo ya zama ɗan curin ƙullu. Idan sun bushe ya tankaɗe ya auna. A 1904 ya buga sakamakon a mujallar masana yanayi. Fulawa da faranti da rariya, su ke nan kayan binciken.

Don haka ga aikin gida na wannan makon. Ku buɗe firiza idan an samu wuta, ku duba farin abin nan da ke taruwa a bangonta. Tururi ne ya koma ƙanƙara kai tsaye, ɗan'uwan dusa ne. Ko ku narkar da gishiri a ruwa kaɗan, ku ɗiga a baƙin faranti, ku bar shi ya bushe, ku matso da kyamarar waya. Za ku ga ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu, domin shi gishiri nasa tsarin ke nan. Idan damina ta zo, ku gwada na fulawar, amma ku nemi izinin Hajiya kafin ku taɓa mata kayan kicin.

Wanda ya samu hoto ya turo mana, mai kyau da wanda ya karkace duka muna so, kuma kada a saka filta. Mutuminmu na Rasha, kai ma muna jiran na biyun da ya narke maka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.